Gilashin zubi na ɗakunan iyayenmu: littafin aiki

10 ga Nuwamba, 2024

Tun bayan babbar sallah nake tattara tsofaffin kayan gilashi irin waɗanda iyayenmu mata suka yi jere da su a Kano, daga wajajen 1950 zuwa ƙarshen shekarun 1980: tambulan, farantai, kwanonin alawa masu murfi, jog na ruwa da ƙananan kofunan shayi. Kayan sun fara yawa, labarin wannan ya fara shiga na wancan, don haka daga yau komai zai hau takarda.

Ba kowane gilashi nake ɗauka ba, sai na zubi. Yadda ake yinsa shi ne, ma'aikaci ya ɗebo curin narkakken gilashi daga tanderu, ya sake shi cikin mazubin ƙarfe da aka riga aka sassaƙa wa ado daga ciki, wani ya datse curin da almakashi, sannan a sauko da madanni ya matse shi har ya shiga kowane lungu na adon. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu buga bulo ya ga irin aikin: a zuba, a danna, a buɗe. A Amurka aka fara yi da inji. A 1825 John Bakewell na birnin Pittsburgh ya yi rajistar dabarar matsa gilashi don yin mariƙin durowa, a shekarar kuma Deming Jarves ya kafa masana'antarsa a garin Sandwich na jihar Massachusetts. Da farko da dalma ake haɗa gilashin, yana da nauyi da tsada. Sai a 1864 William Leighton, a garin Wheeling, ya fito da haɗin kanwar masana'anta da farar ƙasa mai kyau da araha. Daga nan ne kofi mai ado ya sauko daga teburin masu hali, ya kama hanyar da a ƙarshe ta kawo shi kabet ɗin kakata.

Gane shi a hannu ba wuya. Ki zura yatsa ciki: ko da wajen cike yake da ado, cikin sumul za ki ji shi, domin madannin santsi gare shi. Wanda aka hura cikin mazubi kuwa, cikinsa yana bin tudu da kwarin wajen. Sai ki juya shi a hasken taga ki nemi layin haɗi, siririn zaren da ke sauka ta gefe inda ɓangarorin mazubin suka haɗu; wani biyu ne, wani uku, wani huɗu. Bakin adon kuma dakusasshe ne, ba kamar na gilashin da aka yanka da dutsen washi ba, mai kaifin da yake kama fatar yatsa.

A rajistar kowane abu zai sami lamba, awo, launi da tambarin gindi. Amma gurbin da na fi ba muhimmanci shi ne na ƙarshe: ɗakin wa ya fito, a wace shekara aka kai ta, wa ya saya.

24 ga Nuwamba, 2024

Goggona ta buɗe min kabet ɗinta, na kwaso tambulan na rarraba su a kan tabarma. Mafi yawansu Duralex ne, an rubuta sunan a gindi a zagaye tare da sunan Faransa. Iri biyu ne a ciki. Akwai mai tumbi, gajere, wanda ake ɗora wani cikin wani, shi ne Gigogne da ya fito a 1946. Akwai mai gefe-gefe da baki a ɗan buɗe, Picardie, na 1954. A La Chapelle-Saint-Mesmin ake yinsu, kusa da birnin Orléans, kuma tun 1945 sunan yake.

Abin da ya sa suka kai yau da ransu shi ne gashin da ake musu. Bayan an matsa kofin sai a sake gasa shi ya yi zafi sosai, a buso masa iska mai sanyi farat ɗaya. Fatarsa ta waje sai ta ɗaure, ya yi taurin da yakan faɗi a daɓen siminti ya tashi lafiya. Ranar da ƙarar kwana ta zo kuwa ba ya tsagewa biyu, tarwatsewa yake ya zama tsakuwa-tsakuwa. Shi ya sa ban taɓa ganin Duralex mai tsaga ba. Ko dai lafiyayye ko babu shi.

Ɗan goggo ya dage cewa 'yar lambar da ke gindin kowane kofi shekarar da aka yi shi ce. Na ɗauko biyu masu kama ɗaya daga cikin dozin ɗin aurenta, ɗaya 12, ɗaya 37, na ajiye masa. Lambar mazubi ce. Injin yana ɗauke da mazubai da yawa, in kofi ya fito da aibi sai a duba lambar a san wanne za a cire a gyara. 'Yan makarantar Faransa ma wasa suke da ita a ɗakin cin abinci, kowa ya leƙa gindin kofinsa ya faɗi "shekarunsa".

Na tambayi goggo inda aka samo su. Ta ce, "Baffanki ne ya yi sautu wajen wani mutumin Maraɗi mai kawo atamfa. Lokacin in ba kofin Faransa a ɗakinki, ai ba ki yi jere ba." Wannan ya yi daidai da abin da ido ke gani: ƙananan kofunan da Buzaye ke zuba shayi a ciki, masu jure tafasasshen ruwa, irin wannan gashin gare su, kuma ta Nijar kayan Faransa suka fi saukin shigowa. A watan Yulin 2024 kamfanin Duralex ya kusa rufewa, kotun kasuwanci ta Orléans ta miƙa shi ga ma'aikatansa suna gudanarwa a matsayin ƙungiyar haɗin gwiwa. Na ji daɗin labarin nan ƙwarai.

8 ga Disamba, 2024

Dillaliyar unguwarmu ta shigo da ɗaurin zane a ka, ta kwance a tsakar gida: farantai ruwan hoda, da kwano babba mai zanen furanni. Ta ce jikarta ta duba a waya, ta ga irinsu Turawa na saye da dala.

Na san abin da yarinyar ta gani. Bayan karyewar tattalin arzikin Amurka a 1929, kamfanoni irin su Hocking, Jeannette, Federal da MacBeth-Evans sun riƙa buga kayan gilashi masu launi da inji, ruwan hoda da kore da ruwan zuma, da arahar da har kyauta ake bayarwa: a cikin kwalin hatsin karin kumallo, a gidan mai, a ƙofar silima. Yau masu tarawa a can suna bin su da suna, kamar Cherry Blossom na Jeannette da Miss America na Hocking. To amma da na kifa farantan dillaliya, biyu an rubuta France, sauran KIG Indonesia. Na Faransan masu murɗaɗɗen zane ne na Arcoroc, daga masana'antar garin Arques da ke arewacin ƙasar, wadda aka kafa tun 1825, amma wannan zanen na bayan 1960 ne. KIG kuwa kamfanin Kedaung ne na Indunusiya, da aka kafa a 1969. Sunan ƙasar kaɗai ya isa hujja, tunda sai a 1945 ta yi shelar 'yancinta. Haka wanda aka rubuta Malaysia ba zai girmi 1963 ba.

Na gaya mata gaskiya, "Hajiya, waɗannan ba su ne na dalar ba. Amma ina so, ki faɗi kuɗinsu." Ta yi dariya ta ce ita dai ba ta gane wannan ciniki ba, mai saye na kushe kaya kuma yana miƙo kuɗi. Muka daidaita, da sharaɗin ta koma ta tambayo min shekarar auren mai kayan.

A nan na rabu da littattafan masu tarawa na waje. Su a wurinsu KIG abin gudu ne, abin da ake gargaɗin sabon shiga kada a cuce shi da shi. Ni kuwa shi ne tsakiyar aikina. Farantin da uwa ta yi adashi ta saya ɗaya-ɗaya, ta ɓoye a ƙarƙashin gado har ranar jere, ya fi min wanda ba a taɓa cin komai a cikinsa a ƙasar nan ba. In na cire na Indunusiya daga rajista, na cire ɗakunan yawancin matan da na sani.

22 ga Disamba, 2024

Hunturu ya sauka sosai, ƙura ta lulluɓe komai. Na hana a goge kayan da busasshen tsumma, domin ƙurar nan yashi ce, karce take. Ruwa mai ɗumi-ɗumi, sabulu kaɗan, tsohon tawul a shimfiɗe a gindin roba, a wanke ɗaya a fitar kafin a sa wani. Lungunan ado kuma da burushin haƙori mai laushi. Maƙwabciyata ta zuba ruwan zafi a jog ɗin mahaifiyarta da asuba, ya ce ƙas, ya tsage daga mariƙi har ƙasa. Gilashin zubin da ba a yi wa gashi irin na Duralex ba kaurinsa ba ɗaya ba ne, wani wuri na buɗewa da zafi kafin wani. Na auna jog ɗin na rubuta shi duk da tsagar.

5 ga Janairu, 2025

Wata ƙawata ta kai ni wajen kakarta a Fagge. Tsohuwa ce da ta haura tamanin, idonta garau, tana zaune a bakin gado da carbi. Bayan gaisuwa ta sa aka sauko da wani kwano daga saman kabet, a naɗe cikin tsohon ɗankwali.

Kore ne mai haske, faffaɗa, ba zurfi sosai. A bayansa an fito da 'ya'yan wani itacen ƙasar sanyi masu ɓawo hawa-hawa, da siraran ganye. Da na ɗaga shi sai na ji nauyin da ya fi na KIG nesa ba kusa ba, adon kuma ya fito raɗau, ana iya ƙirga kowane ɓawo. Gindinsa ya sha gogayya, karce ta ko'ina ba tsari, irin wanda shekaru kaɗai ke yi.

Na ce, "Hajiya, wannan daga ina?"

Ta ce, "Marigayi ne ya kawo. Kuku ne a gidan wani Bature a Nasarawa. Da za su tafi gida, shekarar da aka ba da mulki, matar ta ce ya ɗauki abin da ba za su iya ɗauka ba. Goro nake zubawa a ciki in an yi baƙi."

Sai ta sake miƙo wani abu, curin gilashi fari mai kamar rabin ƙwallo, duk jikinsa ramuka. Ramukan sun yi baƙi, ƙamshin sandal na tashi daga ciki. Turaren tsinke take kafawa a ciki tun zuwansa gidan. Asalinsa na furanni ne: a ajiye shi a tsakiyar kwano mai ruwa, a soke karan fure a kowane rami ya tsaya. Kamfanin Davidson na Ingila ya yi rajistar irinsa a 1910. Na gaya mata, ta ce, "To, 'yar nan, mu ina muka ga fure? Ai turaren ya fi." Ban wanke baƙin ba, kuma na roƙi jikarta kada kowa ya wanke.

Na zo da 'yar fitilar nan ta duba jabun kuɗi, irin ta 'yan canjin Wapa. Muka saki labule, na haska kwanon. Nan take ya kama da wani kore mai ƙyalli kamar an kunna shi daga ciki, yaran gidan suka yi ihu. Sinadarin yuraniyom ne, ɗan kaɗan da ake sawa a haɗin don launi, abin da aka saba yi tun ƙarni na 19 har zuwa Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da gwamnatoci suka riƙe sinadarin don makamai. Tsohuwa ta tambaya ko da cutarwa. Na ce abin da ke fita daga irin wannan kaɗan ne ƙwarai, ajiye shi da taɓa shi ba komai, sai dai kada a jiƙa tsamiya ko zoɓo a ciki, kada kuma a yi amfani da shi in ya ɓantare.

A cikin kwanon, kusa da tsakiya, yatsana ya ji rubutu. Da hasken waya a kaikaice na karanta: alamar rajista da lamba mai alƙaluma shida, ta fara da 77.

Ban yi maganar saye ba, ita ma ba ta yi ba. Na auna, na ɗauki hoto, na ɗora farar takarda a kan lambar na goga fensir har ta fito. Daga yau rajistar ta sami sashe na biyu: abubuwan da na gani a ɗakin masu su, na bar su a can.

19 ga Janairu, 2025

Lambar ta yi magana. A Ingila, daga 1842 zuwa 1883, wanda ya yi rajistar zane yakan buga wata alama mai siffar lu'ulu'u a jikin kayan, da haruffa a kusurwoyinta masu nuna rana da wata da shekara, a samanta kuma III, wato ajin gilashi. Daga Janairun 1884 aka koma lamba zalla, aka fara daga 1 ana hawa. Zuwa 1930 an haura 750,000, yawancin masu farawa da 77 kuma sun faɗo a 1932. Kundayen rajistar suna nan a ma'ajiyar tarihi ta ƙasar da ke unguwar Kew a Landan. Zanen na kamfanin Jobling ne na Sunderland, wanda a shekarun 1930 ya fitar da kayan ado na zubi yana bin sahun kamfanin Lalique na Faransa da farashin da matsakaicin gida zai iya. Shi ne kamfanin da ya karɓi lasisin yin Pyrex, gilashin girki mai jure zafi, a 1921. Duk mai tsohon kwanon Pyrex da aka rubuta JAJ a gindi, daga gida ɗaya suka fito da koren kwanon Fagge.

Arewa maso gabashin Ingila nan ne cibiyar sana'ar. A Gateshead akwai Sowerby, mai tambarin kan ɗawisu tun 1876, da George Davidson da ya fara a 1867, mai rabin zaki a kan hasumiya. A Sunderland akwai Henry Greener, shi ma tambarinsa zaki ne, kamfanin da Jobling ya gada. Na zana tambarin ukun a bangon littafin nan don in riƙa nuna wa dillalai.

Sai dai lambar rajista shekarar zane take faɗa, ba ranar da aka zuba kwanon ba. Mazubin ƙarfe yana da tsada, kamfani kan yi shekara da shekaru yana aiki da shi, in ya rufe ma wani ya saya ya ci gaba. Saboda haka turaku biyu nake kafawa kowane abu. Tambari ko lamba ya ce "bai girmi kaza ba". Bakin mai shi ya ce "a shekara kaza yana hannuna". Kwanon Fagge yana tsakanin 1932 da 1960, kuma turken na biyu tsohuwar ce ta ba ni shi. Mai tarawa a Landan da ya tsinci irinsa a kasuwar gwanjo ba shi da wannan.

2 ga Fabrairu, 2025

Na zaga wajen masu kayan gida na gwanjo a Sabon Gari, waɗanda ake sauke musu kwantena daga Turai da Amurka. Akwai kaya, amma marayu ne, babu wanda ya san ɗakin da suka fito.

Wani mai shago ya fito min da kofi mai ƙafa, shuɗi, da zanen inabi, yana walƙiya da launukan bakan gizo. Ya ce, "Hajiya, wannan ya shekara ɗari, wallahi ba na kowa ba ne." Irin wannan walƙiya ana samunta ne in an fesa wa gilashi ruwan gishirin ƙarfe yana da zafi. Kamfanin Fenton na West Virginia ya fara fitar da shi kasuwa wajen 1908, Northwood da Imperial suka biyo, kuma na wancan zamanin suna da daraja. Amma wannan shuɗin mai inabi na Indiana Glass ne, na shekarun 1970, an buga shi da yawan gaske. Layin haɗinsa a tashe yake har yana kartar yatsa, gindinsa kuma ko ƙwarzane babu. Na ce, "Alhaji, kayanka na da kyau, amma sa'an ƙanena ne." Ya yi murmushi ya rage kuɗin da kansa. Ban ɗauka ba, don ba ya cikin abin da nake nema.

Abin da na ɗauka wani ɗan kwanon gishiri ne mai kauri da ke cikin kwandon tarkace. Fari ne, amma in an ɗora shi a kan farar takarda sai a ga ya ɗan juya zuwa shunayya. Yashin da ake gilashi da shi yana da ƙarfe a ciki mai sa shi kore-kore, don haka masu yin na da sukan zuba sinadarin manganis ya kashe koren. In irin wannan gilashi ya daɗe a rana, manganis ɗin ne ke juyewa ya ba da wannan launi. An fi yin haka kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga baya yawanci aka koma siliniyom. A ƙarƙashin fitilata ya ba da wani kore dishi-dishi, ba irin ƙyallin kwanon Fagge ba. A tsakiyarsa akwai wani lanƙwasasshen layi da mai shagon ya ɗauka tsaga ce, shi ya sa ya jefa shi kwando. Farce ba ya kama shi. Sawun almakashi ne, inda aka datse curin ya ɗan huce kafin madanni ya sauko.

Darasin da na ɗauka don gida: kada a jera fararen tsofaffin kusa da taga. Ranar Kano ba ta wasa, launin kuma in ya juya ba ya komawa.

23 ga Fabrairu, 2025

Sha'aban ya zo da bukukuwa, kowa na son a kai amarya kafin azumi. Lokacin ne ake kwashe tsofaffin ɗakuna don a gyara wa sababbi, kuma lokacin ne kayan nan suka fi salwanta. Kwalla da samira da tasoshi suna da mai saye, 'yan gwangwan na auna su a kilo. Gilashi kuwa ɗan bola jari ma ba ya ɗagawa. Yara su yi wasan 'yar tsana da shi ya fashe, ko a farfasa a kafa a kan katanga. A wani gida na tarar da murfin kwanon alawa ana ba kaji ruwa a ciki, gindin ya riga ya tafi.

Dillaliya ta cika alkawari. Mai farantai ruwan hoda ba ta san shekara da lamba ba, amma ta ce an kai ta ɗaki "bayan canjin kuɗin Buhari da damina biyu". Canjin an yi shi a Afrilun 1984, ke nan 1986 ko kusa. Wannan ya buɗe min hanya. Na daina tambayar tsofaffi shekara, sai in ce me ya faru a gari lokacin. Yanzu ina da jadawali a shafin ƙarshe: zuwan Sarauniya 1956, naɗin Sarki Ado 1963, komawa tuƙin dama 1972, shigowar naira 1973, kuɗin Udoji 1975, kisan Murtala 1976, rikicin Maitatsine Disamban 1980. Babu matar da ta manta abin da ake ciki a gari ranar da aka kai ta.

Da na jera katunan bisa wannan jadawali sai wani abu ya fito. Ɗakunan shekarun Udoji zuwa farkon mulkin Shagari cike suke da na Faransa, Duralex da Arcoroc da Luminarc, dozin-dozin. Daga tsakiyar shekarun 1980 sai na Indunusiya su mamaye, adon ya ƙaru, gilashin ya rage nauyi. A ganina faɗuwar naira bayan tsarin SAP na 1986 ce ta juya akalar 'yan kasuwa gabas, domin iyaye ba su fasa jere ba, abin da aljihu zai iya suka koma nema. Na Ingila kuwa, duk da jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911 kuma kantunan UAC da John Holt da GBO sun daɗe suna kawo kayan Turai, kaɗan nake gani, kuma kusan duk ta hannun ma'aikatan gidajen Turawa ko na reluwe suka shigo. Matan wancan zamani ƙorai da tasoshi da kwanon sha suka yi jere da su, gilashi bai zama na kowa ba tukuna.

Wata inna ta ƙi a taɓa nata sam. Ta ce na 'yar autarta ne, ko ba ta so za ta kai mata. Na zauna a ƙofar kabet na zana abin da nake hangowa ta gilashin.

16 ga Maris, 2025

Azumi, aikin ya lafa. Da rana ina kwafe katuna zuwa kwamfuta. Da magariba na fito da tambulan ɗin goggo ana shan kunun tsamiya da su. Na Faransan nan ba dalma a haɗinsu, kuma don sha aka yi su. Masu nauyin da ke amsa ƙara mai tsawo in an ƙyasta su da farce, alamar dalma ke nan, su na bari a kabet.

6 ga Afrilu, 2025

Ziyarar sallah ta kawo abin da kasuwa ba ta kawo ba. Da yake labari ya zaga dangi, gida uku aka fito min da kaya tun kafin in tambaya, ciki har da kaza ta gilashi mai kwanciya a kan kwando, ruwan zuma, wadda mai ita ta ce mijinta ya sayo a Jidda a hajjin shekarar da aka kashe Murtala. Wannan ya ƙara min hanya ta huɗu bayan Nijar, kantuna da gidajen Turawa: tsarabar alhazai. Na buɗe mata gurbi a katin.

Wasu kofuna biyu sun yi hazo fari daga ciki. Na jiƙa su a ruwan khal. Ɗaya ya washe, ashe gishirin ruwan rijiya ne ya kwanta. Ɗayan bai motsa ba, fatar gilashin ce da kanta ta ci saboda daɗewar ruwa a ciki, wannan kuma ba ya gyaruwa da wanki. Na rubuta shi a yadda yake.

Kafinta zai zo ya sa wa kantocin ɗan baki a gaba, a kuma mayar da su bangon da rana ba ta kaiwa. Lambobin da na liƙa da takarda suna ɓallewa saboda zafi, zan koma ɗaura kati da zare a mariƙi ko ƙafa, marasa mariƙi kuma a sa katin a ciki. Bayan babbar sallah ina da niyyar zuwa Maraɗi da Damagaram wajen dangin mahaifiyata. Can jadawalina na Kano ba zai yi aiki ba, sai na haɗa nasu: 'yancin kai 1960, juyin mulkin Kountché 1974, farin 1984, karyewar sefa a Janairun 1994. Na riga na aika a tambayo min tsofaffin da har yanzu kabet ɗinsu ke rufe da makulli.